Dakalin Tsalle A Filin Jama'a: A Fara Gyara Wurin Sauka

 Yau dai na ajiye maganar soyayya da kishi da rikicin uwar miji a gefe guda, zan taɓa wani batu da na san wasu za su ce ina ruwan marubucin ƙagaggun labarai da shi, wato kayan motsa jiki da ake kafawa a filayen jama'a, musamman dakalan da matasa ke yin atisayen tsalle a kansu. Ruwana da shi kuwa mai sauƙi ne. Mu marubuta mun saba siffanta jarumin littafi da faffaɗan ƙirji da murɗaɗɗen jiki, mu gina masa ɗakin motsa jiki a cikin gidan ubansa mai hawa uku, alhali yaron da ya ari littafin a shagon haya yana karantawa, ko filin da zai miƙe ƙafa babu a unguwarsu. To ni ra'ayina shi ne, ya kamata a samar wa wannan yaro dakalin tsalle a filin da kowa ke da haƙƙin shiga kyauta. Amma da sharaɗi: kada a kafa shi sai an gyara ƙasar da za a riƙa dira a kanta, an daidaita tsawonsa, an kuma tanadi mai koya wa mutane yadda ake sauka. In ba za a yi haka ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bari in fara da bayyana abin da nake magana a kai, domin wataƙila wani bai taɓa ganinsa ba. A ƙasashen da suka ɗauki motsa jiki da muhimmanci, in ka shiga lambun shaƙatawa za ka tarar da wani sashe da aka ware, an kafa ƙarafan lilo da na ɗaga jiki da na miƙa gaɓɓai. A gefe guda kuma za ka ga wasu dakalai uku ko huɗu a jere, wani ya fi wani tsawo, kamar matakalar bene da aka rarraba. Wasu na siminti ne an lulluɓe samansu da roba, wasu na ƙarfe, wasu na kututturen icce. Kusa da su akan sa ƙananan shingaye da ake tsallakewa, da wani allo mai tsawo da aka zana masa awo domin mutum ya yi tsalle ya taɓa ya ga iyakar inda hannunsa ya kai. Babu inji, babu lantarki, babu abin da ke juyawa balle ya lalace. Akwatin tsallen da aka fi sani a ɗakunan motsa jiki yana da tsawo iri uku, santimita 51 da 61 da 76, ya danganta da gefen da ka kwantar da shi. Wannan shi ne gaba ɗaya kayan aikin, amma abin da yake yi wa jiki ya fi ƙarfin yadda ido ke ganinsa.

Asalin wannan atisaye daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet ya fito. Wani malamin wasanni mai suna Yuri Verkhoshansky, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2010, shi ne ya tsara shi tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da cikin shekarun 1960, lokacin da yake horar da masu tsalle da masu gudu a birnin Mosko. Abin da ya lura da shi shi ne, idan mutum ya diro daga kan wani tudu ya taɓa ƙasa ya zabura sama nan take ba tare da ya tsaya ba, ƙafafunsa na koyon fitar da ƙarfi mai yawa cikin ƙiftawar ido. Ya riƙa sa 'yan wasansa suna dirowa daga tsawon santimita 75 har zuwa 110. Da Valeriy Borzov ya cinye zinare a tseren mita 100 da na mita 200 a wasannin Olamfik na birnin Munik a 1972, sai hankalin Amurkawa ya koma kan yadda Sobiyet ke horar da mutanenta. Wani tsohon ɗan tseren Amurka mai suna Fred Wilt ne ya yaɗa sunan da aka san atisayen da shi a yau, wato filayometirik, a shekarar 1975. Ni dai a wannan rubutu zan kira shi tsallen zabura, domin shi ne ya fi kama bakinmu.

Yaya abin yake aiki? Duk wanda ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo tun yana yaro ya riga ya san rabin amsar. Idan ka ja danƙo ka sake shi nan take, dutsen zai tafi da ƙarfi. Naman ƙafa da jijiyoyinsa, musamman agara da ke bayan diddige, kusan haka suke. Lokacin da ka dira, suna miƙewa su tara ƙarfi, sannan akwai wani saƙo na gaggawa da ke zuwa daga lakar baya yana umartar naman ya tsuke. Idan ka tashi nan take, sai ka ci moriyar ƙarfin da aka tara. Idan kuwa ka daɗe a durƙushe, ƙarfin ya zube a banza. Shi ya sa masana suka ce a irin tsallen nan mai sauri, bai kamata ƙafa ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa a ƙasa ba. Ƙwararren ɗan tsere ma ƙafarsa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kowane taku. Wannan zabura ita ce mai tsaron gida ke buƙata in zai kaɗe ƙwallo, ita ce ɗan dambe ke buƙata in zai kai naushi ya ja da baya, ita ce kuma ɗan kokawa ke buƙata in zai ɗaga abokin karawarsa.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu nake son a shigo mana da shi. Mai karatu, tuna da langa. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗayar, yana ture abokin hamayya, yana kare ruwa har ya kai ga sha. Wace irin horaswa ce ta fi wannan ga agara da gwiwa da daidaiton jiki? 'Yan mata kuma suna da 'yar gala-gala da tsallen igiya. Duk waɗannan tsallen zabura ne tsantsa, sai dai kakanninmu ba su rubuta shi a littafi sun ba shi dogon suna ba. Abin lura a nan shi ne a ina ake yin su. A dandali ake yi, a kan rairayi ko ƙasa mai laushi, da daddare bayan rana ta faɗi, kuma ƙaramin yaro na kallon manya kafin ya shiga. Wato su ma sun san wurin sauka da lokaci da mai koyarwa. Yanzu dandalin ya zama shaguna, tsakar gida ta zama tayil, lungu ya zama kwalbati, yaron kuma ya koma danna waya. Dakalin tsalle a filin jama'a hanya ce ta mayar masa da wani abu daga cikin abin da aka ƙwace masa.

Amfanin kuwa ba a baki kawai yake ba, an gwada an gani. A shekarar 2001 wasu masu bincike a jami'ar jihar Oregon ta Amurka sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da yaran firamare. Sun sa su dirowa daga akwati mai tsawon santimita 61, sau 100 a kowane zama, sau uku a mako, na tsawon wata bakwai, a ƙarƙashin kulawar malamai. Da aka auna, ƙashin ƙugun waɗannan yara ya fi na takwarorinsu da ba su yi tsallen ba ƙaruwa. Dalili shi ne ƙashi abu ne mai rai, idan ana ɗan girgiza shi daidai gwargwado sai ya ƙara kauri, kuma yawancin ƙashin da mutum zai tsufa da shi yana tara shi ne tun yana yaro da matashi. A nan gida Nijeriya ma, a 2014 an wallafa wani bincike da aka yi da matasan 'yan ƙwallo a Legas, inda aka sa wasu ƙungiyoyi suna yin tsarin ɗumama jiki na hukumar FIFA mai suna 11+, wanda ya ƙunshi koyon tsalle da sauka daidai. Raunin da suka samu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran. Ka ga ashe tsallen da aka koya da ƙa'ida magani ne ga gwiwa.

Ta fuskar gasa kuma, a duba waɗanda suka ɗaga sunan ƙasar nan da ƙarfin ƙafa. Chioma Ajunwa ta yi dogon tsalle na mita 7.12 ta ci zinare a Atlanta a 1996. Ese Brume ta yi mita 7.17 a 2021. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022. Dukkansu daga kudancin ƙasar nan suka fito. Shin mu a Arewa ba mu da masu dogayen ƙafafu ne? Muna da su birjik, je ka kalli yaran da ke tsallake kwata da faranti a ka. Wurin da za a gano su a raine su ne ya yi ƙaranci.

Sauran ƙasashe ba jira suka yi sai sun gina katafaren filin wasa a kowace unguwa ba. A ƙasar Siwizalan, tun 1968 aka buɗe hanyar motsa jiki ta farko a dajin da ke gefen birnin Zurik, wani kamfanin inshora ne ya ɗauki nauyi, kuma yawancin kayan na icce ne, kowace tasha da allon da ke nuna abin da za a yi. A ƙasar Sin, gwamnati ta fitar da shirin motsa jiki na ƙasa baki ɗaya a 1995, a 1996 aka kafa irin wannan wuri na farko a birnin Guangzhou, daga nan abin ya bazu har cikin ƙauyuka. Wanda ya fi burge ni shi ne na birnin Kiyef a ƙasar Yukiren, inda a shekarun 1970 mutanen gari suka tattara tsofaffin ƙarafa na injuna da motoci suka ƙera wurin motsa jiki a sarari a wani tsibiri da ke cikin kogin birnin, kowa ya zo ya yi kyauta. Darasin da na ɗauka daga waɗannan wurare uku shi ne, icce da tarkacen ƙarfe ma sun isa, muddin akwai tsari da masu kula.

To yanzu bari mu juya ɗaya gefen, domin a nan ne damuwata take. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba. Duk cikin kayan motsa jiki babu wanda ya kai dakalin tsalle kama da abu marar cutarwa, shi ya sa ake raina shi. Wanda ya ga ƙarfe mai nauyin kilo 100 zai yi shakkar ɗagawa, amma dakali kowa gani yake ai tsalle ne kawai, wa bai iya ba? Ga lissafin. Wanda ya diro daga tsawon santimita 75, yana isa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 14 a awa guda, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ƙafafunsa za su tsayar da shi, nauyin da ke sauka a kansu ya ninka nauyin jikinsa sau da dama. Idan gwiwoyi suka karkata ciki suka haɗu, ko ya sauka ƙafa a sandare, jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki na iya tsinkewa. Wannan ba karaya ba ce da za a kai wa mai ɗori ya ɗaure da kara. Ga ɗan wasa, sau da yawa sai an yi tiyata mai tsadar gaske, sannan a shafe wata tara ko shekara kafin a koma fili. Yaron da ubansa ke faɗi-tashin kuɗin cefane, ina zai samo wannan? Shi ke nan ƙwallo ta ƙare, burin shiga aikin soja ko ɗan sanda ya ƙare, sai ɗingishi.

Akwai kuma halin matasa da kowa ya sani, wato gasa da son a gani. Idan aka kafa dakali mai tsawon ƙirji a fili, kafin mako ya zagayo za a mayar da shi wurin nuna bajinta, wannan ya hau, wancan ya ce shi ma sai ya hau, ga wani a gefe yana ɗauka da waya. Abin da ba su sani ba shi ne, hawa dogon dakali ba ya nuna tsawon tsallen mutum, abin da ya fi nunawa shi ne yadda mutum ya iya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji. Mutum biyu na iya tashi sama daidai wa daida, mai laushin ƙugu ya hau, ɗayan ya kasa. A wajen wannan ƙoƙari ne ƙafa ke kuskure baki, ƙwauri ya daki gefen siminti ya tsage har ƙashi, ko mutum ya faɗo ta baya ya bugu a ƙeya. Wasu kuma sukan hau su diro da baya su sake hawa babu hutawa har sau hamsin, wanda hakan na daga cikin hanyoyin da agara ke tsinkewa. Shi kansa Verkhoshansky ƙwararrun 'yan wasa ya tsara wa dirowa daga tudu mai tsawo, waɗanda suka shafe shekaru suna gina ƙarfi, kuma bai yarda a riƙa yi kullum ba.

Saboda haka sharaɗina na farko shi ne ƙasa. Kafin a sayi bulo ko guda, a fara tambayar a kan me za a sauka. Ƙungiyar masu horar da ƙarfi ta Amurka, wato NSCA, ta yi hani da yin wannan atisaye a kan siminti ko tayil, ta ce a yi a kan ciyawa ko shimfiɗar roba. Mu da ciyawarmu ke bushewa rabin shekara, muna da abin da ya fi sauƙi, wato ƙasa mai laushi da aka share duwatsu da ƙusoshi da kwalabe, aka zuba mata rairayi daidai misali. Kada rairayin ya yi zurfin da ƙafa za ta nutse, domin in ta nutse zaburar ta tafi, kuma idon sawu na iya gurɗewa. A bar fili na aƙalla taku uku ko huɗu ta kowane gefe na dakalin, babu ƙarfe, babu kwata, babu kututture. Abin takaici shi ne, a irin ayyukanmu na kwangila, abin da ake fara yi shi ne a malale wuri da siminti ko a jera bulon ƙasa mai ado domin ya yi kyau a hoto ranar buɗewa. Wanda ya yi haka a ƙarƙashin dakalin tsalle, tarko ya ɗana wa gwiwoyin 'ya'yan mutane.

Sharaɗi na biyu shi ne tsawo da abin da za a yi dakalin da shi. Ni a ganina a filin da kowa ke shiga, a jera su daga santimita 15, sai 30, sai 45, a tsaya a 60. Wanda ya fi ƙarfin wannan ya zama ɗan wasa, ya tafi wajen kocinsa. Saman kowanne ya zama mai faɗi yadda ƙafa biyu za su zauna da rara, marar santsi, kuma a kashe kaifin bakinsa, a lulluɓe shi da robar tsohuwar taya. Maganar ƙarfe kuwa, a yi tunani sau biyu. A watan Afrilu zafin garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, farantin ƙarfe a cikin wannan rana ya isa ya ƙona tafin ƙafar yaro, da damina kuma ya yi tsatsa da santsi. Bugu da ƙari, kowa ya san yadda ɓarayin ƙarfe ke tsinke murfin kwalbati da wayar lantarki su kai wa 'yan gwangwan. Dakalin bulo da siminti mai rufin roba, ko babbar tayar tirela da aka cika da ƙasa aka daddaɓe, babu ɓarawon da zai wahalar da kansa a kansu. Birkila da mai faci na unguwa sun isa su yi aikin cikin kwana biyu. Sannan in da hali a kafa su a ƙarƙashin inuwar darbejiya.

Sharaɗi na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne ilimi. A kafa allo da Hausa, boko da ajami, da zane domin wanda bai iya karatu ba. Abin da za a rubuta ba shi da yawa. A ɗumama jiki da ɗan gudu na minti goma kafin a fara. A fara koyon sauka kafin a koyi hawa: a sauka a kan gaban tafin ƙafa sannan diddige ya biyo, gwiwa a ɗan lanƙwashe tana kallon inda yatsu ke kallo, ƙugu ya koma baya kamar mai shirin zama a kujera. Sauka mai kyau ba ta da ƙara, in ka ji tim, to a rage tsawo. In an hau dakali a sauko da taku, kada a diro da baya. Ƙa'idar NSCA ga sabon shiga ita ce dira 80 zuwa 100 a zama guda, a kuma huta kwana biyu zuwa uku kafin a sake. Wanda nauyinsa ya haura kilo 100 kada ya diro daga abin da ya fi santimita 46. Da an ji gajiya a tsaya, domin yawancin rauni a ƙarshen atisaye yake zuwa, lokacin da ƙafa ta fara rawa. Allo kaɗai kuma ba zai wadatar ba. Kowace unguwa tana da kocin ƙwallon yara, ko tsohon soja, ko malamin wasanni da ya yi ritaya. A ba irin waɗannan horo na 'yan kwanaki da ɗan abin sabulu, su riƙa tsayawa safe da yamma.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa ba kowa ne wannan atisaye ya dace da shi ba. Mai ciwon gwiwa ko baya, mai juna biyu, wanda bai daɗe da warkewa daga karaya ba, da dattijon da ya shekara ashirin bai yi gudu ba, su nemi shawarar likita tukuna, ko su tsaya ga hawa da sauka da taku a kan ƙaramin dakalin, wanda shi ma motsa jiki ne mai kyau. Turawa ma da suka fitar da ƙa'idar kayan motsa jiki na sarari a 2015, mai lamba EN 16630, sun bayyana cewa kayan na matasa da manya ne, ko waɗanda tsawonsu ya haura mita 1.4, domin a raba su da wurin wasan ƙananan yara. Yara ƙanana a bar musu langa da igiya da gala-gala a gefensu, in za su hau dakali sai da babba a tsaye. Yaron da ke cikin shekarun tsawo kuma, in ya fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, a sa shi ya huta, kada a ce masa ragwanci ne.

Na san abin da wani zai ce: malam, ana fama da abin da za a ci kana maganar tsalle? Tambaya ce mai kyau, amma ga amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa kusan kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, wato mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Shawararta ga babba ita ce aƙalla minti 150 a mako, ga yaro kuma awa guda kullum, tare da abin da zai ƙarfafa ƙashi da nama sau uku a mako. Hawan jini da ciwon suga da muke ɗauka cutar masu kuɗi ce, yanzu sun shigo gidan talaka, kuma kuɗin maganinsu na wata-wata daga cikin kuɗin abincin nan ake cire shi. Mai kuɗi yana da inda zai biya ya shiga ya yi gumi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Talaka ne ke buƙatar fili na kyauta. Sannan matashin da ya tashi da asuba ya gaji da atisaye, yana da abokai da buri da kocin da yake jin kunya, ya fi wuyar faɗawa shaye-shaye da daba fiye da wanda ya wuni a bakin titi babu abin yi.

Ban manta da mata ba, ko don su ne suka fi sayen littattafanmu. Bincike ya nuna cewa a wasannin da ake tsalle da juyi, 'yan mata sun fi maza saurin tsinkewar jijiyar gwiwar nan da na ambata, kuma bayan daina al'ada ƙashin mace ya fi saurin yin rauni. Wato su ne ma suka fi buƙatar koyon sauka da gina ƙashi tun da wuri. Amma mun san al'adarmu, budurwa ba za ta fito tana tsalle a gaban majalisar samari ba, iyayenta ma ba za su bari ba. Mafita ita ce a kafa irin waɗannan dakalai a cikin makarantun 'yan mata da cibiyoyin mata masu katanga, a samu mace mai koyarwa, ko a ware musu ranaku da lokuta a filin da aka kewaye. Abu ne da za a iya in an so.

Duk wannan magana kuwa ba za ta yiwu ba sai da fili, kuma fili shi ne abin da muke asara kullum. Wurin da aka buga ƙwallo jiya, yau an kafa masa tubali, gobe ya zama rukunin shaguna. Wurin tsalle ba ya buƙatar wani makeken wuri, faɗin fuloti guda ma ya yi yawa. Ina kira ga masu unguwanni da ƙungiyoyin taimakon kai da kai da shugabannin makarantu, kada su jira sai an kawo musu kwangila daga sama. A samu kusurwa guda a filin makaranta ko filin unguwa, a nemi izini a rubuce, a yi karo-karo, a kafa kwamitin mutum uku ko biyar da zai riƙa duba wurin duk mako, ya share, ya ƙara rairayi bayan ruwa ya kwashe, ya canza robar da ta yage. Ga masu mulki kuma, in har za a kashe kuɗin jama'a, a rage sayen injuna masu fenti kala-kala da ke cijewa bayan damina ɗaya, a sa kuɗin a ƙasa da inuwa da albashin mai koyarwa.

'Yan uwana marubuta, mu ma da namu aikin. Mun iya sa mai karatu ya ƙaunaci mota da leshi da turare, to mu gwada sa shi ya ƙaunaci jarumin da ke fita da asuba zuwa filin unguwa, yana koya wa ƙannensa yadda ake dira ba tare da ƙara ba. Kai kuma matashi mai karanta wannan, in ka samu dakali ko matakala ko taya kana son gwadawa, fara da mafi gajarta, duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ƙirga dirarka, ka huta kwana biyu. Sannu-sannu ba ta hana zuwa. Wanda yake da wani ra'ayi daban, ko yake ganin na bar wani abu a baya, musamman masu horar da 'yan wasa da ma'aikatan lafiya, ina maraba da jin ta bakinsu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda za mu koma kan labarinmu.